Ƙamshi Dabam, Tsabta Dabam

A Gude, cikin ƙasar Mubi ta Jihar Adamawa, akwai wani dattijo, tsohon malamin makarantar firamare, wanda mutanen unguwarsu suka daɗe suna yi wa kallon mai tsirfa. Ba shi da rowa, ba shi da faɗa. Abu guda ne ya raba shi da jama'a, watau ba ya shiri da ƙamshin nan na zamani mai hawa ka, irin wanda ake zubawa cikin garin sabulu, da ruwan ɗauraye tufafi, da maganin goge daɓe, da gwangwanin feshin ɗaki. Idan aka kawo masa riga daga wurin mai wanki da guga, sai ya kai ta hanci kafin ya kai ta wuya. In ya ji abin da ya ji, sai ya shanya ta bisa igiya kwana biyu, wani lokaci ma ya sake ɗauraye ta da hannunsa. Yara suna dariya, manya suna cewa tsufa ne. Kowa dai Malam yake ce masa, saboda haka a nan ma da Malam za a kira shi.

Mai karatu wanda bai san wannan yanki ba, ya kamata ya sani cewa Gude sunan wuri ne, sunan kabila ne, kuma sunan harshe ne. Mutanen Gude manoma ne, suna zaune a gindin duwatsun Mandara, galibi cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu mai hedkwata a Gella, suna kuwa da 'yan'uwa a ƙetaren iyaka cikin Kamaru. Harshensu dangin Hausa ne na nesa, amma a kasuwa da Hausa da Fulatanci ake ciniki. Ita Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, ta shiga Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Jihar Adamawa a 1991. Gari ne na fatauci, ga babbar kasuwar shanu, ga kaya suna shigowa daga Kano da Legas da Anacha, wasu kuma daga Kamaru da Chadi. Duk wani sabon abin ƙamshi da ya sauka ƙasar nan, ba ya daɗewa sai an gan shi a teburin mai kanti a Mubi.

Malam ya fara koyarwa a 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Duk wanda ya san shi tun zamanin nan zai shaida cewa shi ba maƙiyin turare ba ne. Marigayiya matarsa gwana ce wajen haɗa turaren wuta, ta koya daga maƙwabtanta Barebari da Shuwa, waɗanda kowa ya san sun yi fice a wannan sana'a. Takan sami kajiji, watau saiwar wata ciyawa ta fadama, da farce, wanda murfin wani dodon koɗi ne na teku, da icen sandal da ƙaro da kanumfari, ta wanke, ta soya, ta daka, ta rufe a kwalba har ya kwana biyu ya kama jikinsa. Ranar Alhamis da dare sai ta zuba garwashi a kasko, ta kifa kabbasa, ta shimfiɗa rigar Malam ta Jumma'a a kai. Da safe shi kuma ya ɗiga ɗan Bintu Sudan a tafin hannu, ya shafa a gemu da wuyan riga, ya nufi masallaci.

Shi kansa Bintu Sudan ɗin nan ai ba daga jeji aka tsinko shi ba. Wani Bature mai suna Eric Burgess, wakilin kamfanin W. J. Bush na Landan, shi ne ya kawo shi kasuwa a 1920 bayan tafiye-tafiyensa a ƙasar Sudan, daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano. An yi shi ba tare da barasa ba, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu bibbiyu. Watau dai turaren da kakanni suke alfahari da shi, shi ma ɗan kamfani ne. Malam ya san da haka, don haka ba ya cewa duk abin da ya fito daga masana'anta sharri ne, duk abin da ya fito daga itace alheri ne. Ƙorafinsa yana wani wuri dabam.

Wata rana da la'asar, a dakalin da dattawa suke zama, wani abokinsa ya tsokane shi ya ce, "Malam, kai da ka san turare sunna ne, kyautarsa ma ba a mayarwa, ina dalilin wannan ƙiyayya?"

Malam ya ce, "Alhaji, turaren da ka sani na sani, mutum ne yake ɗaukarsa da hannunsa ya shafa gwargwadon bukata. Wanda ya zo gaisawa da kai shi ke jinsa, in an kwana biyu kuma ya tafi abinsa. Wannan kuwa ba a tambaye ni ba. Na saye sabulu don in fid da datti, sai na tarar an haɗa ni da baƙon da ban gayyata ba. Yana cikin rigata, yana cikin matashin kaina, yana cikin kofin da nake shan kunu. Baƙon da ya ƙi tafiya kuwa ai ya zama mai gida."

Aka yi dariya, aka wuce wurin. Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka auka wa Mubi, Malam da iyalinsa suna cikin dubban da suka fita da ƙafa, ba su ɗauki kome ba sai tufafin da ke jikinsu. Suka bi duwatsu, daga baya suka isa Yola. Bayan sojoji da maharba sun ƙwato garin cikin watan Nuwamba, aka yi ta komowa kaɗan kaɗan. Suka iske gida an kwashe abin da za a kwasa, amma wata tsohuwar akwatin ƙarfe tana nan a ƙarƙashin gado, ba wanda ya kula ta. Matar ta buɗe, sai ƙamshin turarenta ya taso daga zannuwan da ke ciki. Malam yakan ce a wannan lokaci ne ya tabbata lalle sun dawo gida. Bayan 'yan shekaru Allah ya yi wa matar rasuwa. Aka raba abin da za a raba, shi kuwa ya roƙi a bar masa zane uku da kallabi ɗaya a cikin akwatin. Ba kullum yake buɗewa ba. Sai dai in kewa ta yi masa yawa.

Babban ɗansa, wanda yake aikin gwamnati a Mubi, yana zaune tare da shi a gidan. Matar ɗan a Yola ta tashi, yarinya ce mai ladabi da kuzari, ba ta iya ganin datti ta ƙyale. Tun da surukarta ta rasu ita ta ɗauki hidimar tsohon, daga abinci har wanki. A wurinta, kamar yadda yake a wurin yawancin 'yan zamaninta, alamar wanki ya fita ita ce ƙamshi. Saboda haka takan wanke da garin sabulu mai ƙamshi, ta ɗauraye da ruwan laushi mai wani ƙamshin, ta fesa sitaci mai nasa, sa'an nan ta jefa ƙwayoyin kafur cikin akwati. Daɓe kuma a goge shi da magani mai warin lemo, labule a fesa masa na gwangwani. Duk don ta kyautata wa uban mijinta take yi, kuma daga kuɗin cefanenta take tsakura.

Malam ya fara da atishawa. Daga nan sai ciwon kai na ɓari guda, wanda yakan kama shi da ya sa riga, ya sake shi in ya tuɓe. Da dare ƙirjinsa ya riƙa yin nauyi, har ya koma kwana a zaure bisa tabarma. Abin da ya fi ba shi haushi ma shi ne abinci. Garin tuwo ko sukari ko burodi da aka sayo daga kantin da ake jera su kusa da sabulu, sai ya ji ɗanɗanon sabulun a bakinsa, gama gari da mai suna shan wari kamar yadda auduga take shan ruwa. Amma ina bakin magana? Tsakanin suruki da matar ɗansa akwai kunya, ko sunanta ba ya kamawa. In ta durƙusa ta ce, "Baba, ga kayanka an goge," abin da yake iya cewa shi ne, "Madalla, Allah ya yi miki albarka." Sa'an nan ya faki ido ya kai su igiya.

To, mene ne asalin wannan ƙamshi da yake ƙin barin tufa? A zamanin da, almiski daga jikin wata barewa ta duwatsun Asiya ake samunsa, jibda daga jikin dabbar da ke da wannan suna, sauran kuma daga fure da saiwa da ƙaro. Abu ne mai tsada, saboda haka da awo ake amfani da shi. A 1868 wani masanin Ingila, William Perkin, ya haɗa sinadarin coumarin a ɗakin gwaje-gwaje, mai ƙamshin sabuwar ciyawa da aka yanka. A 1888 kuma wani Bajamushe, Albert Baur, yana cikin neman hanyar inganta nakiya, sai ya ci karo da wani sinadari mai ƙamshin almiski. Tun daga nan aka buɗe ƙofa. Abin da a da sai sarakuna da attajirai, ya zama ana yinsa ganga ganga da araha, galibi daga ɗanyen man fetur. Da ya yi araha kuwa, sai aka rasa abin da ba za a zuba shi a ciki ba.

Masu yin waɗannan kaya da gangan suke zaɓen sinadaran da ruwa ba ya wanke su da sauƙi, don su manne wa zare. A kwanakin nan ma har akan rufe turaren cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su maƙale a jikin tufa, duk lokacin da aka goga ko aka motsa sai su fashe su saki sabon ƙamshi. Wannan ne ya sa riga takan yi makonni a akwati tana tashi. Abin da ya ƙi barin tufa kuwa, ba ya saurin barin ruwa. Tun a 1981 masana a Japan suka gano irin wannan almiski na haɗi a jikin kifin kogi, daga baya aka same shi har cikin nonon mata masu shayarwa a ƙasashen Turai. Mai wanki a bakin kogin Yedzaram bai san da wannan ba, shi dai ya ga kumfa ta bi ruwa.

Akwai kuma wata dabi'a ta hanci wadda ita ce tushen yawancin saɓanin da ake yi a gidaje. Hancin ɗan Adam yana da na'urorin jin wari iri kusan 400, binciken da ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel lambar Nobel a 2004. Amma hanci yakan gaji. In ya daɗe cikin wari guda sai ya daina kai labarinsa ga ƙwaƙwalwa, kamar yadda mai sayar da daddawa ba ya jin abin da mai wucewa yake ji. Saboda haka wadda take wanki da abu guda kullum sai ta ga kamar ƙarfinsa ya ragu, ta ƙara murfi ɗaya, gobe ta ƙara biyu. Ita ba ta ji, wanda ya shigo daga waje kuwa kamar an mare shi. Ba mugunta ba ce, ba kuwa tsirfa ba ce. Kowannensu gaskiyar hancinsa yake faɗi.

Malam kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya. A wani bincike da Farfesa Anne Steinemann ta buga a 2016, kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tambaya a Amurka sun ce kayan ƙamshi suna jawo musu wata damuwa, kamar ciwon kai, ko wahalar numfashi, ko ƙaiƙayin fata. Tarayyar Turai ta daɗe da tilasta wa kamfanoni su rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 da aka san suna tayar da ƙaiƙayi a jikin kwalin kayan shafa, a 2023 kuma ta faɗaɗa jerin. Daga watan Maris na 2022 ta hana sa wani mai suna Lilial cikin kayan shafa, saboda gwaji a kan dabbobi ya nuna yana iya taɓa haihuwa. Wannan ba ya nufin duk mai wanki da sabulu mai ƙamshi zai kwanta ciwo, yawancin mutane ba abin da yake samunsu. Abin da yake nufi shi ne, wanda ya ce abin yana damunsa, a yarda da shi.

Ana nan, wata rana Malam ya tafi ta'aziyya Gella ya kwana. Matar ɗansa ta ga dama ta samu ta yi wa ɗakinsa gyara na sosai. Ta jawo akwatin ƙarfen nan, ta ga zannuwa sun daɗe a ninke, ta ce a ranta bai kamata kayan Inna su zauna haka ba. Ta wanke su tas, ta ɗauraye da ruwan ƙamshi, ta goge, ta mayar, ta zuba kafur don kada asu ya ci. Da Malam ya komo ya buɗe akwatin, ya daɗe a tsugune bai ce uffan ba. Zannuwan suna nan, sun ma fi da haske. Amma abin da yake ajiya a cikinsu ya tafi, ba kuwa kasuwar da za a sayo shi. A daren nan bai ci tuwo ba.

Kashegari ya kira ɗansa zaure ya faɗa masa, cikin taushin murya, ya kuma gargaɗe shi kada ya yi wa yarinyar faɗa. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi don ta faranta maka ta yi." Malam ya ce, "Na sani. Da mugunta ce ai da abin ya fi sauƙi." Ɗan ya rasa yadda zai ɓullo wa matarsa, sai ya kai maganar wurin gwaggonsa, ƙanwar Malam. Ita kuma ta zo ta ce, "Yaya, ka rage wannan hali. Mutane nawa suke neman mai wanke musu ko da hula ba su samu ba?" Maganar ta tsaya a nan. Abin da ya kai kunnen matar ɗan dai shi ne tsoho ba ya son wankinta, ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta kuwa janye hannunta daga kayansa. Gida ya yi tsit, ana gaisawa, amma ba a hira.

Bayan 'yan watanni ta haifi ɗa namiji, haihuwarta ta biyu, gama ta fari mace ce. Aka kawo wa Malam jariri ya yi masa addu'a. Yana karɓarsa sai warin kafur ya buge shi daga zanen goyo da hula da 'yar riga, waɗanda suka yi watanni a akwati suna jiran wannan rana. A nan kam kunya ta kau. Ya ce da gwaggon, wadda take kula da mai jego, "A cire wa yaron nan waɗannan kaya. Abin da ya hana ni barci, ni da na kai wannan shekaru, ina ga wanda ya kwana ɗaya a duniya?" Daga cikin ɗaki mai jego ta amsa a hankali ta ce, "Gwaggo, ki ce wa Baba ai da irinsu aka yi goyon yayarsa, ba abin da ya same ta." Malam bai san sunan wata cuta ba, hancinsa kawai yake bi, saboda haka ba shi da hujjar da zai ƙara. Ya miƙa jariri ya fita.

A rana ta uku idon yaro ya yi rawaya, jikinsa ma haka, ya rage kama nono, sai barci. Masu zuwa barka wasu suka ce shawara ce, a riƙa fitar da shi hantsi, wasu suka ce a jiƙa masa saiwa. Malam ya ce asibiti za a tafi, yanzu yanzu, ya kuwa tsaya a ƙofar gida har aka samo Keke Napep. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi yaron, ta buɗe zanen, ta ɗaga kai ta ce, "Kuna sa kafur a kayansa?" Uwar ta ce i. Ta ce, "A tuɓe masa su duka, kada a sake kawo su kusa da shi." Aka ɗebi jininsa, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske.

Ya kamata kowane magidanci ya san abin da ma'aikaciyar nan ta sani. Fararen ƙwayoyin da ake kira kafur a kasuwa, da yawansu ba kafur na ainihi ba ne, wanda ake samu daga wani itace na ƙasashen Sin da Japan. Wani sinadari ne mai suna naftalin, daga kwaltar kwal ko man fetur ake fitar da shi, maganin asu da kyankyaso ne, Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da shi don wannan aiki tun 2008. Akwai kuma wani rashi na gado a cikin jini da likitoci suke kira G6PD, wanda yake tare da mutum kimanin miliyan 400 a duniya. Ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin Nijeriya, ya kuma fi bayyana a jikin 'ya'ya maza. Jaririn da ke da wannan rashi, in ya shaƙi naftalin ko ya shiga ta fatarsa, musamman in an shafe shi da mai, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan farfashe. Daga nan shawara mai tsanani takan biyo baya, in kuwa aka yi jinkiri tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko nakasa, ko ta yi ajalinsa. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna wannan gargaɗi. Wannan ne kuma ya sa 'ya mace takan tsira daga abin da zai kayar da ƙanenta.

Likita bai rantse cewa kafur ne kaɗai ya jawo ba, gama shawarar jarirai tana da dalilai da yawa. Abin da ya ce shi ne an kawo yaron a kan lokaci. Aka yi kwanaki a asibiti, ranar suna ma a can ta same su, aka yanka rago a gida ba mai jego ba jariri. Allah ya sa yaro ya warware, idonsa ya washe, aka sallamo su.

Da aka yi arba'in, wata safiya matar ɗan ta zo ƙofar zaure ta durƙusa, ta gaishe shi, ta yi shiru. Can ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban san abin da ke cikin akwatin nan ba sai da Gwaggo ta gaya mini a asibiti." Malam ya ce, "'Yata, ba ki yi mini kome ba sai alheri. Laifina ne da na yi ta shanya riga a ɓoye maimakon in buɗe baki. Da na yi magana tun farko, da ba a kai ga haka ba."

Yanzu an yi sulhu, kowa ya rage nasa. Kayan Malam da na yara da sabulu marar ƙamshi ake wanke su, a ɗauraye sau biyu, rana ta yi sauran aikin. An zubar da kafur, an wanke akwatunan an shanya su a buɗe. Ita kuwa ba ta bar turarenta ba, in za ta biki takan fesa abinta, ba wanda ya hana. Shi ma Malam an taɓa nasa, gama ma'aikaciyar jinyar ta ce hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki yana wahalar da ƙirjin jariri da mai asma kamar yadda na gwangwani yake yi. Saboda haka in za a turara rigar Jumma'a, a tsakar gida ake ajiye kasko. Da fari ya so ya yi gardama, daga baya ya ce gaskiya ɗaya ce, ba za a auna wa wani da mudun da aka ƙi auna wa kai ba.

Abin da ya faru a wannan gida yana iya faruwa a kowane gida, daga Mubi har Sakkwato. Talla ta koya wa jama'a cewa abin da bai yi ƙamshi ba bai wanku ba, alhali kuwa tsabta ba ta da wari. Sau da yawa ma ƙamshi rufa-rufa ne, a fesa wa ɗakin da ke bukatar a buɗe masa taga, ko makewayin da ke bukatar ruwa da tsintsiya. Hanci kuwa mai gadi ne, shi ke gaya wa manomi dawa ta fara ruɓa a rumbu, shi ke gaya wa uwargida tukunyar gas tana yoyo. Bai kamata a toshe masa baki ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin sa ido a kan kayan shafa da sabulai, ya kamata ta dubi ruwan wanki da na goge daɓe da ake ɗurawa cikin tsofaffin gorunan ruwa ba suna ba lamba, ta kuma sa a rubuta gargaɗi da Hausa a jikin ledar kafur. Masu kanti su raba sabulu da kayan abinci. Masu wanki da guga su tambayi mai kaya kafin su zuba. Direban haya wanda ya rataya abin ƙamshi a mota ya rufe gilashi, ya tuna a cikin fasinjansa akwai mai ciki da mai asma. Haka nan a sahun masallaci ranar Jumma'a, ko a bencin coci ranar Lahadi, mutum ya shafa daidai wanda na kusa da shi zai ji daɗi, ba wanda zai kore shi ba.

Saura kallabin nan. Ashe ranar da aka yi wankin, ya maƙale cikin aljihun murfin akwatin, ba a gan shi ba. Matar ɗan ce ta tsince shi sa'ad da take shanya akwatunan. Ba ta wanke ba. Ta naɗe shi a leda ta kai wa wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da turare a kasuwar Mubi, ta ce ta shinshina ta gaya mata abin da ke ciki. Tsohuwar ta rufe ido ta ce akwai kajiji, akwai farce, akwai sandal, saura kuma hannun mai haɗawa ne, wannan kuwa ba a sayar da shi. Duk da haka yarinyar ta sayo kayan, tana koyo. Haɗin farko ya ƙone, na biyu sukari ya yi masa yawa. Malam ya shinshina na uku ya ce bai kai ba tukuna, amma ya kama hanya. Kallabin kuwa an mayar da shi akwati, shi kaɗai, an rufe. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya raya zuriya, amin.